Sulhu a Wurin Aiki: Tsokaci a Kan Ra'ayin Gabatar da Buƙatu a Kan Haƙƙi

Gabatarwa

Ya zama ruwan dare a tarurrukan bita da ake shirya wa shugabannin ma'aikatu a ji mai jawabi yana kira da a guji kotu, a rungumi hanyoyin warware saɓani na wajenta, waɗanda masana shari'ar zamani ke taƙaita sunansu da haruffan ADR. Idan kuwa masu sauraro Musulmi ne, sai ya ƙara da cewa abin ba baƙo ba ne, sulhu ne wanda Musulunci ya kwaɗaitar a kansa tun fiye da ƙarni goma sha huɗu, ya kafa hujja da aya ta 128 ta Suratun Nisa'i wadda ta siffanta sulhu da alheri. Galibi a nan maganar take tsayawa, kowa ya watse yana ganin zamani ne ya biyo sawun addini.

Wannan maƙala tsokaci ce a kan daidaitawar da ake yi tsakanin abubuwan biyu. Akwai gaskiya a cikinta, amma an yi mata gaggawa. Sulhu a wurin malaman fiƙihu ƙulli ne mai sharuɗɗa, yana inganta yana ɓaci, kuma akwai tambayar da suke gabatarwa kafin su kira masu husuma zuwa gare shi: shin haƙƙin ya bayyana, ko kuwa yana cikin duhu? Ra'ayin da aka gina horon sasanci na zamani a kansa yana jinkirta wannan tambaya da gangan. Tsakanin abokan aiki masu daraja ɗaya jinkirin ba ya cutarwa. Tsakanin mai biyan albashi da mai karɓarsa kuwa, ta nan ake cinye haƙƙin mutane da sunan zaman lafiya.

Asalin ra'ayin

ADR a siffarta ta yau 'yar Amurka ce. A 1976 Farfesa Frank Sander na Jami'ar Harvard ya gabatar da shawarar da daga baya aka sani da kotu mai ƙofofi da yawa, inda kowace ƙara za ta shiga ta ƙofar da ta dace da ita: wata shari'a, wata shiga tsakani, wata tahkimi. A 1981 Roger Fisher da William Ury suka fitar da Getting to Yes, wanda ya yaɗa koyarwar cewa mai tattaunawa ya daina kallon matsayar da abokin husumarsa ya kafe a kai, ya nemi buƙatar da ke ƙarƙashinta. Amma littafin da ya fi shafar wurin aiki kai tsaye shi ne Getting Disputes Resolved na 1988, wanda Ury ya rubuta tare da Jeanne Brett da Stephen Goldberg bayan aikin da suka yi a mahaƙun kwal masu fama da yajin aiki.

Littafin ya buɗe da labarin wani mahaƙi da aka sace masa takalman aiki. Ya nemi kamfani ya biya shi, shugaban aikin ya ce ƙa'ida ba ta ɗora wa kamfani wannan ba, mahaƙin ya fusata ya ja abokansa, aiki ya tsaya. Daga nan marubutan suka fitar da rabe-rabensu: ana warware saɓani ko dai ta daidaita buƙatu, ko ta tantance mai haƙƙi, ko ta gwada ƙarfi. Suka auna hanyoyin uku da ma'aunai huɗu, wato abin da aka kashe na kuɗi da lokaci, da gamsuwar ɓangarori, da tasiri a kan dangantaka, da yiwuwar rikicin ya dawo. Sakamakonsu shi ne daidaita buƙatu ya fi tantance haƙƙi arha, shi kuma ya fi gwada ƙarfi arha. Adalci ne a faɗa cewa ba su kore haƙƙi ba, sun yarda akwai lokacin da ba makawa sai an koma gare shi. Sai dai sun ajiye shi a baya, ya zama madogarar da ake waiwaya idan hanyar farko ta gaza, kuma a cikin ma'aunan nan huɗu adalci ba ya shigowa sai ta ƙofar gamsuwa, wato yadda mutum ya ji a ransa game da abin da aka yi masa. Masu ɗauko koyarwar zuwa ɗakunan bita kuwa sau da yawa ko wannan ragowar ba sa ɗaukowa.

A Nijeriya tsarin ya samu gindin zama a doka. Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta wajabta wa ƙungiyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki su bi matakai: hanyar da suka amince a tsakaninsu, sai mai shiga tsakani, sai mai sasantawa da Ministan Ƙwadago zai naɗa, sai kwamitin tahkimi, kafin a isa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An buɗe kotu mai ƙofofi da yawa a Legas a 2002, Kano ta bi sahu a 2009. Ita kanta Kotun Ma'aikata ta kafa cibiyar sasancinta a 2015, bisa damar da sashe na 254C na kundin tsarin mulki ya ba ta. Wannan sashe yana da wani tasiri da ya shafe mu musamman: ya keɓe wa kotun hurumin sauraren ƙararrakin ƙwadago, ya hana sauran kotuna. Ke nan saɓanin ma'aikaci Musulmi da ubangidansa Musulmi ba na kotun shari'ar Musulunci ba ne a hukumance. Zaman sulhu, ko a gaban liman, ko kwamitin makaranta, ko Hisba, ko dattawan kasuwa, shi ne kusan ƙofa ɗaya da fiƙihu ke shiga wurin aiki ta cikinta. Idan aka shigar da shi a gurguje, babu wata ƙofar da za a gyara ta cikinta.

Inda ra'ayin ya dace

Mafi yawan abin da ke haɗa ma'aikata faɗa ba bashi ba ne. Rabon darussa ne a jadawali, ko ofis da aka ba wani aka hana wani, ko magana da aka kai aka kawo, ko ƙaramin ma'aikaci da ya ga an wulaƙanta shi a gaban jama'a. A irin waɗannan babu wani haƙƙi ƙayyadadde da alƙali zai auna, kuma mutanen gobe da safe za su sake haɗuwa a bakin ƙofa ɗaya. An ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ya umarci alƙalai su riƙa mayar da masu husuma ko sa daidaita, domin yanke hukunci yana gadar da gaba. Hadisin Abud Darda'i da Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar ya ɗaga gyara tsakanin mutane sama da darajar nafilolin azumi da salla da sadaka. A wannan fage dabarun zamani suna da amfani na gaske, musamman koyar da mai shiga tsakani ya saurara kafin ya yi wa'azi, abin da da yawa daga cikin masu sulhunmu na gargajiya ke buƙata. Da shugaban aikin nan ya ara wa mahaƙin takalma na yini ɗaya, da bai saɓa wa fiƙihun kowa ba.

Tambayar da fiƙihu ke gabatarwa

Matsalar tana farawa ne idan abin da ake jayayya a kansa haƙƙi ne tabbatacce. A babin alƙalanci na Muhtasar, Shehu Halilu ya hana alƙali kira zuwa sulhu idan fuskar hukunci ta bayyana gare shi, ya keɓe yanayin da husumar take tsakanin ma'abota falala, ko 'yan uwa na jini, ko ana tsoron al'amarin ya ta'azzara. Ibn Asim ya tafi a kan haka a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi: sulhu na wurin da hukunci ya rikice ne, idan gaskiya ta tabbata ba a neman sa sai don gudun fitina ko gaba tsakanin dangi. Dalilin a fili yake. Sulhu galibi ba ya rabuwa da barin wani yanki na haƙƙi, don haka wanda ya san mai gaskiya sannan ya ce a raba, ya rage wa mai gaskiya ne da hannunsa. Ibn Arafa ya ce sulhu a asalinsa abin so ne, amma yakan zama wajibi, yakan kuma zama makaruhi ko haram gwargwadon abin da ya jawo.

Ƙissar Zubairu bn Awwam da wani mutumin Madina a kan ban ruwan dabino ta nuna tsarin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara da shawarar rangwame: Zubairu ya shayar da gonarsa sannan ya sakar wa maƙwabcinsa ruwa. Da mutumin ya yi zargin an fifita Zubairu don ɗan gwaggon Annabi ne, sai aka ba Zubairu cikakken haƙƙinsa, ya tsare ruwan har ya kai ga gindin katanga. Buhari ya kawo hadisin a Kitabus Sulhi, a babin shugaba ya yi nuni da sulhu a ƙi, sai ya yanke hukunci bayyananne. Abin lura shi ne hukuncin sananne ne tun kafin a yi tayin sulhun, kuma yana nan a shirye. Rangwamen da aka nema daga Zubairu kyautatawa ce daga mutumin da ba a yi shakkar haƙƙinsa ba.

A ɗauka, a matsayin misali, malami ne a wata makarantar Islamiyya mai zaman kanta, albashinsa naira 60,000 a wata, an yi watanni biyar ba a biya shi ba. Mai makarantar bai musa ba. Aka zauna a gaban kwamiti, mai shiga tsakani ya bi abin da aka koya masa, ya tambayi buƙatar kowa. Buƙatar malamin ita ce kuɗin haya da ya zo masa wuya da kuma kada ya rasa aikin. Buƙatar mai makaranta ita ce kada maganar ta fita ga iyayen yara. Aka daidaita a kan naira 150,000 a biya uku, malamin ya sa hannu cewa ba ya bin komai, ya ci gaba da aiki. Bisa ma'aunai huɗun nan wannan nasara ce: ba a kashe kuɗin lauya ba, dangantaka ta ɗore, kowa ya ce ya gamsu.

To, me malamin fiƙihu zai kira wannan? Halilu ya buɗe babin sulhu da rarrabewa: sulhu a kan wani abu da ba shi aka yi da'awa ba ciniki ne ko ijara, sulhu a kan wani yanki na abin da aka yi da'awa kuwa kyauta ce. Ke nan abin da ya faru a zaman nan shi ne malami mai fama da kuɗin haya ya yi wa mai makaranta kyautar naira 150,000. Da zarar an kira abin da sunansa, sai tambayoyin da kalmar "gamsuwa" ta binne su taso. Kyauta ba ta halatta sai da daɗin rai. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rataya halaccin cin dukiyar juna a kan yarda, kuma yardar wanda aka nuna masa, ko da a kaikaice, cewa aikinsa na rataye da sa hannunsa, yarda ce irin ta "da babu gara ba daɗi". Imam Gazali ya yi magana a Ihya'u a kan abin da mutum ya bayar don kunyar idon jama'a, ya ce bai halatta ga mai karɓa ba, domin kunya bulala ce ta ɓoye wadda ba ta gaza ta fili zafi ba. Wanda ya san ƙarfin kunya a tarbiyyar Bahaushe, ya kuma san yadda zaman sulhu ke kasancewa, ƙaramin ma'aikaci a ƙasa, manya a kan kujeru, liman yana cewa ai aikin Allah ne, zai gane cewa wannan magana ba ta wata duniya ba ce.

Masu kare irin wannan sulhu sukan kafa hujja da hadisin Ka'abu bn Malik, wanda ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi (S.A.W.) ya yi masa nuni da ya sauke rabi, ya amsa. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma Ka'abu ba yaron Ibn Abi Hadrad ba ne, abincinsa ba ya hannunsa, da ya ƙi babu abin da zai rasa. Sannan ƙarshen hadisin, wanda ake yawan tsallakewa, shi ne an umarci wanda ake bi ya tashi ya biya nan take. A wurin aiki lamarin a juye yake: wanda ake bi shi ne mai ƙarfi, kuma ragowar ma sai an jira ta. Albashin da aka riga aka yi aikinsa bashi ne da ya wajaba, jinkirin mawadaci wajen biya kuwa nassi ya kira shi zalunci, kuma hadisin ƙudusi na Abu Huraira a Buhari ya lissafa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya ci aikinsa ya hana shi lada cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya siffanta wannan yanayi a I'ilamul Muwaƙƙi'ina yayin sharhin wasiƙar Umar ga Abu Musal Ash'ari. Ya soki masu shiga tsakanin azzalumi mai iko da raunanan da aka zalunta su daidaita su a kan abin da zai faranta wa mai ikon, ragin ya faɗa a kan mai rauni, su kuma tashi suna zaton gyara suka yi. Abin da ya ga daidai shi ne a fara ba wanda aka zalunta ikon karɓar haƙƙinsa cikakke, sannan a roƙe shi ya bar wani abu da yardarsa. Fiye da shekara ɗari shida bayan haka, a 1984, Owen Fiss na Jami'ar Yale ya rubuta shahararriyar maƙalarsa ta sukar sasanci a kan dalili makamancin wannan, cewa talaka yakan karɓi kaɗan domin ba zai iya jira ba. Abin mamaki ne a ce ɗalibanmu sun san Fiss ta hanyar darussan shari'ar zamani, amma ba a nuna musu cewa maganar tana cikin littafin da ke kan kantar malaminsu ba.

Ba kowane mai makaranta ne azzalumi ba, wannan gaskiya ne. Akwai wanda iyaye ba su biya shi ba, asusunsa wayam. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ba wanda ke cikin ƙunci haƙƙin a saurara masa, ta kuma kwaɗaitar da yafewa. Amma ƙunci da'awa ce da ake tabbatarwa. Mai shiga tsakanin da bai nemi ganin littafin kuɗin makaranta ba, ba shi da hanyar rarrabe matalauci da mai taurin bashi, alhali hukuncinsu ya saɓa tun daga tushe.

Sulhu a kan musu

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan ADR ke da ita ita ce jinkirin kotu da tsadarta. Ma'aikacin da aka kora ba tare da haƙƙinsa ba zai iya shekaru yana zarya, don haka rabin da zai samu yau ya fi masa cikakken da ba shi da ranar zuwa. Wannan gaskiya ne, kuma babu malamin da zai ce ma'aikacin ya yi laifi don ya karɓa. Sai dai wannan jinkirin shi ne sandar da mai ƙarfi ke riƙewa a zaman sulhu. "Je ka kotu" barazana ce a bakin wanda ke da lauya a kan albashi. Lamarin ya fi muni inda ba a rubuta komai ba, duk da cewa sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Idan babu takarda, mai ɗaukar aiki yakan musa adadin ko ya musa alkawarin gaba ɗaya.

Malik da Abu Hanifa da Ahmad sun halatta sulhu a kan musu, Shafi'i ya hana. Amma waɗanda suka halatta sun raba zahiri da baɗini: Halilu ya bayyana cewa abin da aka samu ta wannan sulhu ba ya halatta ga wanda ya san shi ne azzalumi, ko mai da'awar ƙarya ne ko mai musun ƙarya. Wannan ya shafi ma'aikacin da ya ƙirƙiri da'awa don a saye bakinsa kamar yadda ya shafi ubangidansa. Mazhabar ta kuma bar ƙofar warware sulhun a buɗe: idan mai musu ya yi iƙirari daga baya, ko wata shaida da mai haƙƙi bai san da ita ba ta bayyana, ko ya sami takardarsa da ta ɓata. Har akwai abin da ake kira istir'a'i, wato mai haƙƙi ya ajiye shaidu a asirce cewa zai yi sulhu ne kawai domin abokin husumarsa yana amsawa a ɓoye yana musu a fili, don ya nemi ragowar daga baya. Da masu rubuta wasiƙun sulhu suka fara sanya sharaɗin zubar da istir'a'i, sai fuƙaha'u suka shiga tattauna istir'a'i a kan wannan zubarwar ma. Wannan kai da kawo yana nuna cewa sun san sa hannu ba koyaushe yake nufin yarda ba. Takardun sasanci na yau kuwa alfaharinsu shi ne jumlar da ke rufe magana har abada.

Wata mas'ala da ta cancanci ambato a gurguje: idan haƙƙin ma'aikaci na gaba ne, kamar kuɗin sallama da aka tsara biya a kan lokuta, aka ce ya rage a ba shi yanzu, to an faɗa cikin abin da Malikawa ke kira da'a wa ta'ajjal, wanda suka hana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Jidda a 1992 da sharaɗin ba a ƙulla shi tun farko ba. Ko wane ra'ayi aka ɗauka, mai sulhun da bai san akwai saɓanin ba bai kamata ya rubuta takardar ba.

Mai shiga tsakani da sirrin zaman

Ana koya wa mai shiga tsakani na zamani cewa shi ba alƙali ba ne, kada ya ce wane ne da gaskiya. Aya ta 9 ta Suratul Hujurati ba ta san wannan tsaka-tsakin ba. Ta yi umarni da gyara, sannan idan ɓangare ɗaya ya yi zalunci a tsaya a kansa har ya dawo, sannan a gyara da adalci. Rashin son kai wajibi ne, amma shi daban, rufe ido ga wanda ya yi ta'adi daban.

A ma'aikatu da yawa ma maganar rashin son kai ba ta taso ba, domin mai sasantawar jami'in sashen kula da ma'aikata ne, ko ɗan kwamitin da mai ma'aikatar ya naɗa, albashinsa da ƙarin girmansa suna hannun ɗaya daga cikin masu husumar. An ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kurar mai tsoron Allah ce. A babin tahkimi Halilu ya fitar da abokin husuma da jahili daga cikin waɗanda ya halatta a naɗa su yi hukunci. Ƙasar da ta haifi ADR ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. Kamfanoni a Amurka sun mayar da tahkimi sharaɗin ɗaukar aiki, Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da haka a 2001, a 2018 kuma ta amince a hana ma'aikata haɗa ƙararsu wuri ɗaya. Sai a 2022 majalisar dokokinsu ta cire ƙararrakin cin zarafi ta hanyar lalata daga wannan tilas, bayan an ga yadda ɗakunan sirri suka daɗe suna kare masu laifi.

Wannan ya kai mu ga sirri, wanda a wurinmu yake sanye da rigar rufin asiri. Rufa wa Musulmi asiri abin yabo ne a laifin da ya tsaya a kansa. Amma shugaban da ke neman ma'aikaciya ko ɗaliba da lalata, ko ma'ajin da ya ci kuɗin marayu, cutarwarsa ba ta tsaya ga wanda ya kawo ƙara ba, don haka wanda ya kawo ƙarar ba shi da ikon yafe ta a madadin na gaba. Hadisin ɗan ƙwadagon da ya yi zina da matar ubangidansa, wanda mahaifinsa ya fanshe shi da tumaki ɗari da kuyanga, hujja ce a nan: Annabi (S.A.W.) ya mayar da dukiyar, ya zartar da hukunci, Buhari kuma ya sanya hadisin a babin da ke cewa sulhun da aka ƙulla a kan zalunci abin mayarwa ne. Ɓangarorin biyu sun gamsu, an biya, magana ta mutu, duk da haka aka rushe shi. Sulhun da sakamakonsa shi ne a canza wa mai laifi wurin aiki a rufe bakin wadda aka cuta yana cikin wanda hadisin Tirmizi ya togace, mai halatta haram.

Cika alkawari

Malaman jami'a ba sa buƙatar a ba su labarin sulhun da ba a cikawa. Yarjejeniyar 2009 tsakanin Gwamnatin Tarayya da ƙungiyar ASUU ta haifi yajin aiki a 2013, da 2017, da 2018, da 2020, kowanne ya ƙare da sabuwar takardar fahimtar juna. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma umarnin Kotun Ma'aikata ne ya kawo ƙarshensa. Ko mutum yana ganin gwamnati ce ta yi alkawarin da ba ta da kuɗinsa, ko yana ganin ƙungiyar ce ta tsananta, teburin tattaunawa bai taɓa yin ƙaranci a wannan rikici ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da zai biyo baya idan wanda ya sa hannu ya saɓa. A nan cibiyar sasanci ta Kotun Ma'aikata ta fi zaman kwamiti inganci, domin abin da aka daidaita a kai yana komawa gaban alƙali ya zama hukunci mai zartuwa.

Ga zaman da ba na kotu ba, Mudawwana tana da mafita mai sauƙi. Ta halatta wanda ke bin bashin da ya riga ya wajaba ya kafa shaida cewa idan aka ba shi kaza zuwa wata ɗaya ragowar ta faɗi, idan ba a ba shi ba bashin yana nan cikakke, kuma sharaɗin ya lizimci su biyun. Da kwamitin makarantar nan ya bi wannan, da layin farko na takardar iƙirari ne cewa ana bin makaranta naira 300,000. Layi na biyu ya ce aikin malamin ba ya rataye da abin da zai yanke. Sannan a fita a bar shi ya yi shawara da wanda ya ga dama, ya dawo wata rana ya faɗi abin da zai bari, in zai bari, tare da ranar da za a biya shi ragowar, wadda in ta wuce ba a biya ba naira 300,000 ɗin ta dawo yadda take.